Wasan Dodon Rijiya: in ɗora shi kan dokokin D&D ko in yi nawa tsarin?

Ɗan Gizo:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri saƙon zai ɗan yi tsawo.

Shekara biyu ke nan ni da abokaina huɗu muna buga D&D a Samaru, duk Asabar bayan la'asar. Ga waɗanda ba su san shi ba, cikakken sunansa Dungeons & Dragons, wasa ne na labari da ake yi a zaune kewaye da tebur ko tabarma. Mutum ɗaya ke jan labarin, sauran kowa ya ɗauki jarumi ɗaya yana magana da bakinsa, yana faɗin abin da zai yi. In abin na da haɗari sai a jefa ƙwaya mai fuska 20, lambar da ta fito ta nuna ya dace ko bai dace ba. Ni ne mai jan labarin namu.

Tun bara na gaji da labaran Turawa na gidajen sarauta da dusar ƙanƙara, na rubuta namu. Gari ne mai ganuwa, rijiyarsa ta ƙafe, an ce dodo ne ya tare idon ruwan. Jaruman su ne maharbi, ɗan tauri, wanzami da wata mai saida magani a kasuwa. Ya kai shafi 46. Yanzu ina so in gyara shi in rinƙa sayarwa ta waya. Sai wani abokina ya ce in yi hattara, wai kamfanin da ke da D&D ya taɓa cewa duk abin da aka rubuta a kan dokokinsa yana da haƙƙi a ciki. Gaskiya ne? In kuwa haka ne, gara in zauna in ƙirƙiri nawa dokokin?

Baban Amira:
Wa alaikumus salam ƙanina. Abokinka ya ji labarin amma bai ji ƙarshensa ba. Bari in warware maka, don a kan idona aka yi shi, lokacin kullum ina bin maganar har tsakar dare.

D&D ya fito a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙire shi a ƙarƙashin kamfanin TSR. Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, Hasbro kuma, mai yin Monopoly, ya sayi Wizards a 1999. A shekarar 2000, da za su fitar da bugu na uku, sai suka yi wani abu da ba a saba gani ba. Suka fitar da lasisi mai suna OGL, wanda Ryan Dancey ya jagoranta, suka ce ga asalin dokokin wasan nan, kowa ya ɗauka ya rubuta nasa littafin ya sayar, ba sai ya nemi izini ba, ba kuma zai biya ko sisi ba. Lissafinsu shi ne duk littafin da wani ya rubuta, mai sayensa sai ya nemi babban littafin dokoki, wanda su kaɗai ke sayarwa. Kamfanoni da yawa a kan wannan alƙawarin suka tsaya da ƙafarsu, sama da shekara 20.

Ranar 5 ga Janairun 2023 ƴar jarida Linda Codega ta buga labari a shafin labarai na Gizmodo cewa ta ga daftarin sabon lasisi, OGL 1.1, da aka tsegunta mata. Abin da ke ciki ya girgiza kowa. Tsohon lasisin an ce ya daina aiki. Wanda cinikinsa ya wuce dala 50,000 a shekara sai ya kai musu rahoto. Wanda ya wuce dala 750,000 zai biya kashi 25 cikin 100 na abin da ya hau sama, kashi 20 in ta Kickstarter, shafin tara tallafin jama'a, ya tara kuɗin. Kuma lura, a kan ciniki ne ba a kan riba ba. Sannan ga wurin da abokinka yake nufi: akwai sharaɗin da ya ba su dama su yi amfani da abin da ka rubuta, har abada, ko'ina a duniya, ba tare da sun biya ka ba. Kuma suna iya canza sharuɗɗan da sanarwar kwana 30.

Ɗan Gizo:
Innalillahi. Yaya to ai abokina ya yi gaskiya ke nan.

Baban Amira:
Tsaya mana in ƙarasa. Ba su kai ga aiwatar da shi ba. Jama'a suka yi ca a kansu, dubbai suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa, amma abin da ya fi yi musu ciwo shi ne mutane suka fara soke rajistarsu ta wata-wata a D&D Beyond, shafin da Hasbro ya saya a 2022 kan dala miliyan 146. Ranar 12 ga wata kamfanin Paizo ya ce zai ɗauki nauyin rubuta wani lasisin da ba na kowane kamfani ba, ORC. Wizards suka fito da wani daftarin, 1.2, suka nemi ra'ayi, mutum sama da 15,000 suka amsa, kashi 88 suka ce ba za su buga komai a ƙarƙashinsa ba. Ranar 27 ga Janairu Kyle Brink, wani babban jami'in Wizards a lokacin, ya sanar cewa sun bar tsohon lasisin yadda yake, kuma sun saki kundin dokokin bugu na biyar, SRD 5.1, a ƙarƙashin Creative Commons, lasisin da ke ba kowa damar amfani da rubutu kyauta. Sati uku kacal aka yi duk wannan.

Shawarata: ɗauki SRD 5.1 ka yi aikinka. Shafi ne sama da 400, kyauta. Abin da ake buƙata a gare ka kawai ka rubuta a littafinka cewa ka yi amfani da shi kuma na Wizards ne. A 2025 ma sun ƙara sakin SRD 5.2 na sababbin dokoki a kan wannan tsarin.

Anti Mai Alƙalami:
Baban Amira, na karanta bayaninka sau biyu, Allah ya ƙara sani. Amma ni ban yarda da inda ka sauka ba. Ban taɓa buga wasan nan ba, marubuciya ce ni, littafina takwas a intanet, kuma na san ɗacin gini a filin aro.

Shekarun baya wata manhajar karatu ta neme ni. Suka turo yarjejeniya da Turanci shafi goma sha ɗaya, na duba wurin kuɗi na sa hannu. Littafin da na yi wata bakwai ina rubutawa, ina shayarwa ina danna waya da hannu ɗaya. Bayan shekara wani mai tashar karanta littattafai ya nemi in ba shi ya karanta da murya, ya yi min tayi mai kyau. Na tuntuɓe su don ladabi kawai, sai suka nuna min sakin layi na tara, ashe sauti da fim da fassara duk na sallama. Har yau littafin yana can, sunana a kai, ba ni da ikon in ba kowa.

Don haka in ka ce min kamfani ya yi yunƙurin ƙwace aikin mutane sai da aka yi masa bore ya janye, ni abin da na ji shi ne ya nuna halinsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ɗan Gizo, dodonka ne, rijiyarka ce, me zai sa ka je ka ɗora su a bayan wani?

Lauyan Zaure:
Anti, Allah ya mayar miki da alheri, abin da ya same ki ya sami mutane da yawa. Amma akwai bambanci babba tsakanin takardar da kika sa wa hannu da wannan, kuma ya kamata a fito da shi.

Matsalar tsohon OGL ita ce Wizards ne suka rubuta shi. An ce a ciki na dindindin ne, amma ba a rubuta cewa ba a iya janye shi ba. Sannan akwai wurin da ya ce kana iya amfani da duk sigar lasisin da aka amince da ita. Ta nan lauyoyinsu suka so su shiga, su ce to mun cire amincewar. Dancey da kansa ya fito ya ce ba haka aka nufa ba lokacin da aka rubuta. Creative Commons kuwa ba Wizards suka rubuta shi ba, wata ƙungiya ce daban, kuma a cikinsa an faɗa ƙarara cewa ba a janyewa. Ko Hasbro ya sayar da D&D gobe, wanda ya saya ba zai iya karɓe SRD 5.1 daga hannun jama'a ba. Kuma babu wani sharaɗi a ciki da ya ba su ko layi ɗaya na abin da Ɗan Gizo ya rubuta. Ke kin ba da naki ne. Shi karɓa zai yi, ba zai ba da komai ba sai ambaton suna.

Ƙari a kan haka, a dokar Amurka tsarin wasa kansa, wato a jefa ƙwaya a ƙara lamba a gwada da wata lamba, ba ya shiga haƙƙin mallaka. Kalmomin da aka bayyana shi da su, da zane, da sunaye, su ne ke shiga. Abin da zai kiyaye shi ne kada ya taɓa abin da ba ya cikin kundin, kamar duniyar Forgotten Realms, kada kuma ya manna tambarinsu a bangon littafinsa.

Inda zan ce ya yi taka-tsantsan shi ne shafin DMs Guild. Can ana ba ka dama ka yi amfani da duniyoyinsu, a ba ka rabin kuɗin ciniki, amma abin da ka sa a can ba ka da ikon ka kai shi wani wuri ka sayar. Wannan ne ya yi kama da naki, Anti.

Anti Mai Alƙalami:
To Barista, na fahimta, na janye rabin maganata. Rabin da ban janye ba shi ne wannan: ko doka ta kare shi, kasuwar tasu ce. Ranar da suka canza dokoki, masu saye za su bi sabo, littafinsa ya zama tsohon yayi.

Baban Amira:
Wannan kam an taɓa yi, Anti, kuma abin mamaki ƙaramin ne ya ci riba. A 2008 da suka fitar da bugu na huɗu sun ƙi sa shi a OGL, suka kawo wani lasisi mai tsauri. Paizo, wanda a da shi ke buga musu mujallun Dragon da Dungeon, ya ɗauki tsofaffin dokokin ya gyara ya fitar da nasa wasan, Pathfinder, a 2009. Aka yi shekarun da Pathfinder ya fi D&D ciniki a shagunan wasa na Amurka. A rikicin 2023 ma Paizo sun ce littattafan da suka tanada na wata takwas sun ƙare cikin sati biyu.

Sai dai in faɗi gaskiya, su ma Paizo bayan rikicin sun sake buga Pathfinder sun tsame duk abin da ya rataya da OGL. Kobold Press suka yi nasu wasan, MCDM suka yi nasu, Critical Role suka fitar da Daggerheart. Ke nan manyan ma ra'ayinki suka bi. Amma su suna da ma'aikata da jari. Wannan yaron shi kaɗai ne da wayarsa.

Ƴar Damagaram:
Sannunku da muhawara. Ni daga gefe nake karantawa tun ɗazu, amma akwai abin da ba wanda ya tambaya. Ɗan Gizo, da kuke buga labarin naka da dokokin D&D, sun zauna daidai?

Ɗan Gizo:
Yaya, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ba su zauna ba. Ɗan tauri na sa shi a ajin mayaƙin da ke fusata ya rage jin sara, wannan ya ɗan yi. Amma wanzami ban san inda zan kai shi ba, na sa shi a ajin masu warkarwa, alhali su a wasan malaman wani abin bauta ne masu addu'a ta warkar nan take. Wanzaminmu kuwa ƙaho ne da aska da sanin sirrin gidaje. Akwai ranar da muka yi awa biyu a fadar sarkin garin, ana ta kai gwauro ana kai mari kan wa zai fara magana, wa zai shiga ta hannun Galadima, wace gaisuwa za a kai. Ita ce ranar da ta fi kowace daɗi, kuma sau ɗaya tak muka jefa ƙwaya. Littafin dokokin kusan duk a kan faɗa yake, taku nawa za ka yi, sara nawa za ka kai. Ba shi da abin da zai auna kunya, ko alfarma, ko bashin alheri.

Ƴar Damagaram:
To ka ga amsarka. Ni ba tsoron kotu ne zai sa in ce ka yi naka ba, labarinka ne ya fi ƙarfin rigar da ka sa masa. An taɓa gwada irin naka, a 2002 Atlas Games sun buga Nyambe, duniya ce da aka gina kan al'adun Afirka a kan dokokin bugu na uku. An yaba masa, amma ƙashin bayansa na D&D ne, aji da mataki da faɗa. Ka dubi kuma Coyote & Crow, wanda Connor Alexander, ɗan ƙabilar Cherokee, ya yi. Bai ari dokokin kowa ba, ya yi nasa da ƙwaya mai fuska 12, ya tara sama da dala miliyan 1 a Kickstarter a 2021.

Ban ce za ka tara miliyan ba, mu nan ko damar buɗe neman tallafi a Kickstarter ba mu da ita. Abin da nake nufi, wa zai sayi littafinka? Bahaushe ne a Zinder ko Kano ko Kumasi wanda bai taɓa ganin ƙwaya mai fuska 20 ba. Sunan D&D ba zai ƙara maka mai saye ko ɗaya a cikinsu ba, sai dai ya ɗora musu karatun shafi ɗaruruwa da Turanci kafin su fara. Ƙwayar ludo kuwa babu gidan da ba a san ta ba. Ka yi tsarin da ƙwayar ludo biyu za su ɗauka, dokokin su shiga shafi huɗu da Hausa.

Malam Na Tudun Wada:
Ku gafarce ni zan ɗan karkata. Ɗana ne ya sa ni cikin wannan zauren don in ga abin da yake yi. Maganar ƙwaya da dodo da tsafi, ba ku ganin iyaye za su ɗaga gira? Malamai da yawa suna da magana a kan wasan ƙwaya ko babu kuɗi a ciki. Ba fatawa nake bayarwa ba, tambaya nake.

Baban Amira:
Malam, tambayarka a kan hanya take, kuma ba mu kaɗai ba ne. A Amurka cikin shekarun 1980 iyaye da majami'u sun taso wa D&D, wata mata Patricia Pulling ta kafa ƙungiya a 1983 musamman don yaƙar wasan. Har TSR da za su fitar da bugu na biyu a 1989 suka cire kalmomin shaiɗanu suka sauya musu suna. Hukuncin ƙwaya na bar wa malamai. Amma ga mai rubuta nasa tsarin, ƙwayar ba dole ba ce. Akwai wasannin da kati suke amfani da shi, akwai wanda ake zare katako daga hasumiyar Jenga, akwai waɗanda babu sa'a a ciki sam, kowa yana da ƴan tsakuwa yana kashewa in yana so abu ya yiwu.

Na ga dai ina ba Ƴar Damagaram hujja da bakina.

Malam Na Tudun Wada:
Na gode. In da tsakuwa ne irin na dara, ni kaina zan zauna in ga yadda ake yi.

Anti Mai Alƙalami:
Barista, tambaya ɗaya kafin in tashi ɗora girki. Rijiya da dodo ya hana ɗiban ruwa, ai kowa zai tuna Kusugu ta Daura da macijinta. Tatsuniya da tarihin baka wa ke da su? Kar mu gudu daga Hasbro mu faɗa wani ramin.

Lauyan Zaure:
Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba al'adun gargajiya kariya, tatsuniya da waƙa da kacici-kacici duk suna ciki, kuma Hukumar Haƙƙin Mallaka ce ke riƙe da wannan amanar. Amma ta bar ƙofa ga marubucin da ya ari wani abu daga ciki ya gina sabon aikinsa. Garin Ɗan Gizo ƙirƙirarre ne, jarumansa nasa ne, ban ga matsala ba. Abin da zai guje wa shi ne kwafo tatsuniya kalma da kalma daga littafin da wani ya tattara ya buga, don wannan rubutun yana da mai shi.

Ni abin da ya fi damuna ma ba kamfanin Amurka ba ne. Ranar da ya sayar wa mutum na farko, washegari littafin yana yawo a zaurukan WhatsApp kyauta. Anti ta fi ni sanin wannan.

Anti Mai Alƙalami:
Kar ka tuna min. Amma shi yana da abin da mu ba mu da shi. Littafina in an karanta an gama. Nasa kuwa sai an sami mai jan labari, kuma mutane za su so su zauna a teburin wanda ya rubuta. Ya bar dokokin kyauta su yaɗu, ya rinƙa sayar da sababbin labarai, ya rinƙa jan wasa ga masu so. Kuma don Allah ƙanina, zanen bango ka nemi mai zane na gaske ka biya shi ko kaɗan ne. Kar ka sa na'ura ta zana maka ɗan tauri, za ta ba ka wani abu da ba namu ba.

Baban Amira:
Wannan ma Wizards sun ɗanɗana. A Agustan 2023 aka gano wani mai zanensu ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira a littafinsu na ƙattai, sai da suka ba da haƙuri suka sake zanen suka hana. A Fabrairun shekarar kuma mujallar Clarkesworld ta rufe karɓar labarai na ɗan lokaci, saboda editanta Neil Clarke ya ce sama da 500 da na'ura ta rubuta aka turo masa a wata ɗaya.

Ƙanina, ni har yanzu ina ganin kada ka yar da na D&D ɗin. Ka riga ka rubuta shi, an buga shi, yana aiki. Ka ajiye shi, wata rana ka mayar da shi Turanci ga ƴan waje masu neman sabuwar duniya, su sun san dokokin. Na Hausa kuwa na sallama wa Ƴar Damagaram.

Ɗan Gizo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ga abin da na tsayar. Na D&D zan ajiye shi yadda Yaya ya ce, in sa ambaton SRD 5.1 a shafin farko. Na Hausa zan fara daga tushe. Tun ɗazu ina ta zane a bayan takarda: kowane jarumi yana da abu uku, Ƙarfi, Dabara da Mutunci. Mutunci ana tara shi ana kashe shi, in ka nemi alfarma a fada ya ragu, in ka cika alƙawari ya ƙaru, in ya ƙare ko ƙofar gari ba za a buɗe maka ba. Zan gwada shi da tsakuwa da kuma ƙwayar ludo in ga wanda ya fi tafiya.

Abin da ban warware ba shi ne wanzami. Sirrin gidajen da ya sani, Dabara ce ko Mutunci?

Ƴar Damagaram:
Ba ko ɗaya ba. Ka ba shi tsakuwa uku nasa na daban, kowace ɗaya sirri ce. In ya fasa sirri ya sami abin da yake so nan take, amma Mutuncinsa ya faɗi biyu, don wanzamin da ke tona asiri ba a sake kiransa suna. Turo min shafukan in ka rubuta, ƙannena huɗu suna gida hutu, zan gwada a kansu.

Malam Na Tudun Wada:
Asabar ɗin ƙarfe nawa kuke farawa? Ɗana ya ce ya san wurin.

Ɗan Gizo:
Huɗu da rabi Malam, mu tashi kafin magariba. Zan tanadi tsakuwan.